Gidan da Aka Sallama Mini a Zaure

Ni mutum ne mai zargi a harkar gida da fili, kuma Suleja ce ta mayar da ni haka. A garin nan na ga fili ɗaya da masu shi uku, kowa da takardarsa mai hatimi, kowa yana rantsuwa. Shi ya sa da na ƙuduri sayen gidan da zan zuba 'yan haya, na ce ko wana ne zai sayar mini, sai mun rubuta.

Sai ga shi mai sayarwar shi ne tsohon da nake haya a gidansa a unguwar Wambai tun da aiki ya kawo ni Abuja daga Katsina. Yana da wani gida a Madalla, ciki da falo huɗu, dab da titi, irin wanda ma'aikatan Abuja ke rububi. Ya gaji da rigimar 'yan haya. Wata Asabar bayan la'asar muka zauna a zaurensa, daga ni sai shi. Na taya, ya ce albarka. Na ƙara, sannan ya miƙo hannu ya ce, "Na sallama."

Kuɗin kuwa ba sa hannuna. Banki ban kusance shi ba saboda kuɗin ruwa. Dogarona rancen ƙungiyar ma'aikatan ofishinmu ne, wanda sai layi ya zo kanka, da kwasar adashin matata, da motata da na sa a kasuwa. Duk ba za su haɗu ba sai bayan damina. Na ce bari in ba da kafin alƙalami mu rubuta. Ya yi dariya har da tari.

"Kai da takarda kamar akuya," in ji shi. "In kuɗinka sun haɗu ka zo."

Na fito raina a ɓace, ina cewa tsofaffin nan ba su san zamani ba.

Tsakiyar damina zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba. Na yi kuka, domin tamkar uba na rasa. Gida kuwa na cire rai da shi. Na riga na sayar da mota, ina bin bas zuwa aiki, ga kuɗin gidaje a Madalla sun yi tashin gwauron zabi. Na ji wani mai hali daga Abuja ya taya wa magada gidan kusan ninkin abin da muka yi. Ban je musu da zancen ba. Da wane baki zan tunkari masu makoki da cinikin da ba shaida?

Bayan sadakar arba'in babban ɗansa ya kira ni.

"Malam, gaskiya mu ba mu ga agrimen ba, ba rasit, ba komai," ya ce. "Kuma wani oga ya kawo tayi mai tsoka. Amma Inna ta ce akwai magana tsakaninka da Baba kan gidan Madalla, kada a taɓa shi sai ka zo."

Inna ita ce matar marigayin, tana cikin takaba. Na durƙusa a ƙofar ɗakinta, labule a tsakaninmu, 'ya'yan suna tsaitsaye a tsakar gida. Ta gefen labulen ina hango roba a ƙasa tana tarar ɗigon rufi.

"Ɗan nan, kuɗinka sun haɗu?"

"Saura kaɗan, Inna."

"To, gidan Madalla ba ya cikin gado, kuɗinsa ne ke ciki. Ranar da kuka yi ciniki ya shigo ya faɗa mini."

Ta faɗi farashin, daidai yadda muka tsaya. Ƙaramin ɗanta ya kasa haƙuri.

"Haba Inna, kin san asarar da za mu yi kuwa?"

"Na sani," ta ce. "Da tumunina a ciki. Amma ba za a tambayi ubanku maganar da ya yi ba alhali ina da baki."

Ba wanda ya tambaye ta. A duk duniya ba mai rai da ya san zancen nan sai ni da ita, ni kuwa na riga na haƙura. Shiru kawai za ta yi, rabonta ya ƙaru, a gyara mata rufi, kuma ba mai zarginta har abada. Na sha ganin masu amana, amma ban taɓa jin na ƙanƙance a gaban mutum kamar ranar ba. Kunya da mamaki suka rufe ni, har na rasa inda zan sa idona.

Na ce, "Inna, to ku bari in ƙara wani abu a kai. Kasuwa ta canza, yaran nan suna da gaskiya."

Na ji tana jan carbi.

"Da wa za ka yi sabon cinikin?" ta ce. "Wanda ya sayar maka ba ya nan."