Alhamis ɗin da na zaɓa masa

A shekarata ta uku ina ban ruwan dabino a wata gona kusa da garin Zighan, can ƙasar Larabawa, na sayi madubin hangen taurari. Tsoho ne, daga wani shagon tarkace a unguwar Mahdiya, ƙafarsa ɗaya ɗaure da igiya. In an kashe injin ruwa, gonar ba kowa sai ni da karen mai gona. Tun ina gida na san taurari irin su Zara da Kaza da 'ya'yanta, amma ranar da na ga tauraron da Larabawa ke kira Zuhal da zobe zagaye da shi, sai da na yi kabbara. Na waiwaya in ce wa wani zo ka gani, babu kowa.

Na koyi manna wayata a bakin madubin ina ɗaukar hoto, goma su lalace ɗaya ya fito. Na tura wa matata, ta tambaye ni ko fitilar maƙwabta ce.

Wata Juma'a na nuna hotunan a wurin shan shayi a unguwar Tayuri. Kafin mako ya zagayo labari ya bazu wai akwai mutumin Nijar mai karanta taurari. Masu shirin tafiya arewa don ƙetare teku suka fara zuwa gonar, su zauna, mu dafa shayi, su tambayi ranar sa'a. Ni da ban san komai ba sai inda tauraro ke fitowa da inda yake faɗuwa! Amma ban musa ba. Kaɗaici ya ci ni, kuma a ƙarshe na samu masu zama a tabarmata.

Akwai wani magini, mutumin wajen Maraɗi, da ya zo sau huɗu. Shi kaɗai ya taɓa sa ido a madubin. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, ka duba mini tsakaninka da Allah. In tafi ko in koma gida?"

Na ɗaga kai sama kamar mai lissafi. Na ce, "Alhamis tana da kyau."

Ya riƙe hannuna da hannu biyu yana godiya. Ranar Alhamis ya hau mota zuwa arewa.

Na kira lambarsa bayan kwana goma, ba ta shiga. Na yi wata uku ina kira. Waɗanda suka zo bayansa na gaya musu gaskiya, cewa kallo kawai nake yi, gaibu sai Allah. Ɗaya ya ce to amfanin me. Suka daina zuwa, ban kuma ga laifinsu ba.

Yanzu gemuna ya yi fari, madubina ya fi na da kyau, hotunana suna fita tas. Lambar maginin tana nan cikin wayata. Wataƙila ya isa lafiya ya canza layi, haka mutane ke yi. Wataƙila kuma gida ya so komawa, yana jiran wani ya ce masa koma.