Zanƙaleliyar Kawu Sale da Kamu Ɗayan da Na Yanke

Duk wanda ya taɓa shiga keke napep ɗaya da Kawu Sale ya san jan ƙyallen nan. Kafin ya hau sai ya tsaya ya ɗaura shi a hancin bindigarsa, irin yadda masu ɗaukar rodi ke yi, domin in ya kwantar da ita a cinya, gindinta na cikin keke, hancinta kuwa yana can waje yana gaisawa da mutanen titi. Mai keke ya ce, "Baba, wannan ai sai mota!" Kawu ya ce, "Ja mu tafi, yaro. Masu hankali za su kauce."

Zanƙaleliya yake ce mata. Bindigar ɗuri ce, ƙirar maƙeran da, in ya kafa ta a ƙasa ta fi shi tsawo har da hularsa. Ni ne Halliru, ɗan ƙanwarsa, mai acaɓa a nan Azare. Karatuna bai wuce firamare ba, sai ku yi haƙuri da rubutun. Tun ranar sadakar bakwai ɗin rasuwarsa nake jin kuna ba da labarinsa kuna dariya, ni ma ina taya ku. Amma akwai wata dariya guda da kuka yi masa a kan laifin da ba nasa ba, laifina ne, kuma yau zan faɗa. Ku bari dai in fara da masu daɗi, ko zuciyata ta yi ƙwari.

Kun tuna da aka sake gina zaurensa da bulo? Magini ya yi ƙofa irin ta kowa. Kawu ya dawo daga daji da bindiga a kafaɗa, ƙwal! Hanci ya daki saman ƙofa.

Magini ya ce, "Ai sai ka ɗan sunkuyar da ita, Malam."

"In sunkuyar da wa? A gidanta?"

Wallahi sai da aka fasa layin bulo biyu. Ku je ku duba, ƙofar tana nan, raƙumi zai shige da kayansa.

Majalisarsa kuwa bencin ƙofar shagon Oga Emeka ne, mai kayan famfo a bakin kasuwa, mutumin kudu da ya daɗe a garin nan har Hausarsa ta fi tawa. Nan suke haɗuwa da Malam Buba, abokin farautarsa kuma abokin gardamarsa, wanda shi ne mahaifin matata. Bindigar Malam Buba gajera ce, Kawu muciya yake ce mata. Kullum maganar ɗaya ce, kuma kullum kamar yau aka fara ta.

"Buba, matso in ƙara maka karatu. Kai Halliru, in mota ta ƙi tashi aka tura ta taku biyu aka saki, za ta tashi?"

"Ba za ta tashi ba, Kawu."

"Yauwa! To albarushi ma turi yake yi. Muddin dalma tana cikin bututu, yana bayanta yana ingiza ta, gudunta na ƙaruwa. Da ta leƙa waje, shi ke nan, an rabu. Tawa har bakin gari ake raka ta. Ta Buba kuwa tun a tsakar gida ake sallama! Sauran albarushin ya ƙone a iska, wuta bal-bal, ƙara kamar aradu, zomo ya koma gida ya ba iyalinsa labari."

Malam Buba ba ya gaggawa. Sai ya bari Kawu ya gama, sannan ya ce, "Na ji. To ranar Yana fa?"

Nan fa benci zai ɗauka! Ranar da suka je farauta dajin Yana, cikin wata sarƙaƙiya suke, gada ta ɓullo gabansu, kusa ƙwarai. Kawu ya juyo da Zanƙaleliya da sauri, hancinta ya maƙale a reshen ƙaya can sama. Yana ja, reshe na ja. Malam Buba kuwa dariya ta hana shi ɗaga tasa. Gada ta tsaya ta gama kallonsu tsaf, ta wuce abinta ba ko gudu.

Kawu ya ce, "Ciki gare ta. Ni na hango cikin, shi ya sa na ɗaga hanci sama."

"Da ƙaho biyu zaƙo-zaƙo? Namiji ne, Sale!"

"To matarsa ce ke da cikin."

Sai maganar tsimi. Kai, Kawu! Da murfin kwalbar magani yake auna albarushi, ya shafe bakin murfin da yatsa kada ƙwaya ɗaya ta yi yawa. In an dafa naman da ya harbo, sai ya ajiye ɗan faranti a tsakiya. Duk wanda haƙorinsa ya ci karo da dalma, ya tofa a ciki, za a wanke a sake ɗurawa. Wata rana ya duba farantin ya ga saura ɗaya ba ta fito ba. Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Wanda ya haɗiye mini ita ya san kansa. Ba na gaggawa. Ina nan har gobe da safe."

Amma a faɗi gaskiya, in aka fita fili, a fadamun wajen Itas bayan ɗaukewar ruwa, babu na biyunsa. Dinya, babbar agwagwar dajin nan, ba ta yarda a matso ta. Sauran maharba sai sun yi rarrafe cikin taɓo, su ma a banza. Kawu kuwa daga gindin wata tsamiya yake tsayawa, inda kowa ke cewa ya yi nisa, ya ɗora dogon hancin a kan reshe, ya ja kunama. Sai ka ga ta kife. Sunansa ke nan a ƙasar Katagum, ba shi da wata dukiya da ta wuce shi.

To ga nawa laifin.

Shekarar da ƙafarsa ta kumbura aka kwantar da shi asibiti, ni ya ba mabuɗin ɗakinsa. Kun san ƙa'idar maharba, ba a taɓa bindigar mutum ba da izininsa ba, ko ɗan cikinsa ne. Ni kuwa wani abokina ya ce birai sun dame shi a gona, na bugi ƙirji na ce ai mu gadonmu ne. Son a sani ne kawai, babu komai. Na zare ta daga doguwar rigar da ake sa ta ciki, na gicciya ta a bayan mashin. A wata siririyar hanya tsakanin bishiyoyi biyu, ni na wuce, ita ba ta wuce ba. Na tashi gwiwar hannuna a saɓule, ita kuma hancinta a lanƙwashe, da tsaga doguwa.

Na ruga wurin Oga Emeka. Ya ɗora hannu biyu a ka. "Halliru, ka kashe ni! Wannan ba famfo ba ce. Je ka gaya wa Baba gaskiya, duka ɗaya zai yi maka, ya wuce."

Na ƙi. Na yi ta roƙo har ya turo mini zarto da ƙafa. Ya ce, "Ban gani ba, ban ji ba. Zarton ma daga yau ba nawa ba ne."

Kamu guda na yanke, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Na goge bakin, na mayar da ita cikin rigarta, na cusa guntun kara a sama don tsawon ya cika, na rataye. Wai ni dabara!

Da aka sallame shi, gidanmu ya zauna jinya, bai koma nasa ba har ranar fitar maharba ta farko. Ya ce in ɗauko masa Zanƙaleliya, mu wuce fadama kai tsaye. Duk hanya ina ta cewa yanzu zan gaya masa, har muka iso.

Maharba sun cika gindin tsamiya, ana ta yi masa barka da tashi. Ya kwance bakin riga, ya zaro. Kara ya faɗo ƙasa. Kawu ya jawo hancinta ya duba. Ya shafa sabon yankan da babban yatsa, yana ta ƙyalli. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi gwiwar hannuna. Surukina yana tsaye kusa da ni. Kuma Kawu ne ya je neman aurena, shi ya ce wa Malam Buba, yaron nan ba ya taɓa abin da ba nasa ba.

Malam Buba ya ce, "Sale! Wa ya yi wa Zanƙaleliya kaciya?"

Kawu ya ce, "Ni ne."

"Kai?"

"Ni na rage ta. Kwanciyar asibiti ta sa na yi tunani. Na ga kamar kana da gaskiya."

Jama'a! Malam Buba har da rawa. "Ku shaida! Ku shaida, Sale ya tuba!" Aka ce to ga dinya can, a gwada sabon ilmi daga inda aka saba. Ya san abin da zai faru, ai shi ya koya mana. Amma ya ɗura, ya tsaya, ya ja kunama. Wuta ta yi tsalle, ƙara ta cika fadama, dalma ta zube cikin ruwa kamar an watsa tsakuwa, ko kusa da su ba ta je ba. Dinyoyi suka tashi a natse. Kuka yi dariya har wasu na faɗuwa. Ni ma na buɗe baki na yi, don kada a gane ni. Daga ranar aka koma ce masa Malam Muciya, kuma bai sake taka fadamar nan ba.

A hanyar dawowa, yana bayana a kan mashin, ya ce, "Halliru, gwiwar hannun nan, ka sa mata magani?"

Na ce, "Salansa ce ta ƙone ni, Kawu."

"Salansa. A gwiwar hannu." Sannan ya ce, "To, Allah ya sawwaƙe. Ka riƙa tafiya a hankali."

Iyakar abin da ya taɓa ce mini ke nan. Damina uku ya yi bayan haka, kwano ɗaya muke ci, ya buɗe mini ƙofa na ƙi shiga. Kullum sai in ce gobe.

Baba Malam Buba, ka ji daga bakina: bai taɓa yarda kana da gaskiya ba, ni ya rufa wa asiri. Duk hukuncin da ka ga ya dace da ni, na ɗauka. Ku kuma, don Allah, ku daina kiransa da wancan suna, hannunsa bai taɓa kuskure ba.

Ya Allah, bawanka Sale ya tuɓe mutuncinsa a bainar jama'a ya lulluɓe ni da shi. Ka lulluɓe shi da rahamarka ranar da asirai za su tonu, Ka haskaka kabarinsa. Ni kuma da na makara wajen neman gafararsa, Ka isar masa, Ka yafe mini. Amin.