Fankar da Abu Mafak Ya Bari

Abu uku na ajiye wa Abu Mafak ranar da ya bar Madina: teburin aikinsa, rabonsa a shagona na Harra ta Gabas, da fankar da ke ƙara a saman kaina. Ya ce zai dawo, ni kuwa na yarda. Ku da kuke zama a ƙofar shagon bayan La'asar kun sha yi mini dariya a kan haka.

Sunansa Mahmud, Musulmi ne daga kudancin Filifin. Mu muka sa masa Abu Mafak, wato mai sukundireba da Larabci, saboda sukundireban da ba ya rabuwa da aljihun rigarsa. Idan ya shigo gidanka zai yi sallama, amma idonsa ba ya kanka, yana kan ƙofarka ko famfonka. Kafin ka kawo shayi ya kwance wani abu.

Sana'ata sayen tsofaffin firij da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, daga otal-otal ɗin kusa da Harami idan za su sake kaya. Ni ne mai ciniki, shi ne mai hannu. Duk abin da na kawo na ce ya mutu, sai ya kara kunne a jikinsa ya ce, "La, Hajj Sale. Bai mutu ba, ya gaji ne." Wannan ita ce Hausarsa mafi kyau, kuma a kan komai yake faɗinta, har a kan tsohuwar motata da kowa ya yi wa ta'aziyya.

Amma idan abu ya mutu da gaske, kaitona! Wata rana wani Basudane mai gidan abinci ya zo, mun daidaita a kan babban firij, saura a ɗora a mota. Sai ga Abu Mafak ya leƙo daga bayan shago.

"Aboki, kar ka saya. Wannan ba zai ga azumi ba."

Na ja shi gefe na ce, "Kai, a gefen wa kake?"

Ya ce, "A gefen firij."

Mutumin ya tafi bai sayi komai ba. Bayan sati ya dawo da 'yan'uwansa masu gidajen abinci, ya ce ba za su sayi kaya ko'ina ba sai inda mahaukacin nan yake.

Kun tuna walimar auren 'yata? Tsakiyar zafi, zaure cike, an ajiye shinkafa da nama. Sai iska ta ɗauke. Na ɗaga kai, ga Abu Mafak a kan kujera cikin farar jallabiya, kayan cikin mukayyif a hannunsa.

"Ya akhi, me kake yi?"

"Tari yake yi, Hajj. Ba ka ji ba?"

"Mutane suna narkewa!"

"Mutane za su warke da kansu. Shi ba zai iya ba."

Baffan ango ya ci abincinsa yana fifita da faranti, har yau idan mun haɗu sai ya tambaye ni ko mukayyif ya samu sauƙi.

Shekaru yana tara injinan firij da na zubar, yana gyarawa yana aikawa gida. Ashe masuntan garinsu kifinsu ruɓewa yake kafin ya kai kasuwa. Da waɗannan injinan ya buɗe wurin yin ƙanƙara a bakin teku. Wata safiya ya ce mini zai je ya duba, ya dawo. A ranar fankar shago ta fara ƙiƙi-ƙiƙi. Na ce ya gyara kafin ya tafi. Ya dube ta ya ce, "Bar ta. Kar kowa ya taɓa. Ni zan gyara."

Ƙanƙara ta karɓu, ya ƙara da jiragen ruwa, mutanen gari suka matsa masa ya tsaya takarar magajin gari. Bai buga hotonsa ko ɗaya ba. Gida-gida yake bi yana ɗaure famfo. Ya kira ni a waya yana dariya, ya ce janareton abokin takararsa ya tsaya ana tsakiyar taro, shi kuma yana wucewa.

Na ce, "Kar ka ce mini..."

"Na gyara, Hajj. Ya ci gaba da zagina. Wallahi ana ji tas, har bakin teku!"

Ya ci zaɓen. Suka ba shi ofis da mota, amma duk lokacin da na kira sai in same shi a kan tsani ko cikin ramin bututu. Ya kai ruwa unguwannin kan tudu, ya tayar da asibitin da aka rufe. Na ce masa, "Magajin gari, shago fa? Masu saye suna gudu." Ya ce, "Garin nan bai mutu ba, Hajj, ya gaji ne. Wa'adi ɗaya kawai." Wa'adi ɗaya ya zama biyu. Masu gyara nagari sun zo neman wurinsa, na ba su aiki amma ban ba su teburin ba, su kuma suka ƙi zama. Ni da ake cewa ban taɓa ajiye kayan da ba ya kawo riba ba.

Bara 'yarsa ta kira ni. Tun kafin ta yi magana na san wannan karon ba gajiya ba ce. Zuciyarsa ce ta tsaya, yana duba injin ruwa.

Watan jiya ta zo Umara da mijinta, suka biyo ta shago. Ta miƙa mini sukundireban, ta ɗaga kai ta saurari fankar, sai ta yi murmushi da hawaye.

"Baffa Sale, Baba ya ce in gaya maka lafiyarta ƙalau. Shi ya sassauta noti ɗaya da safen da zai tafi. Ya ce idan ya bar komai daidai, ba shi da dalilin dawowa."

Mutumin da bai iya ganin abu a lalace ko a gidan baƙo, abu ɗaya ya taɓa ɓatawa a rayuwarsa, kuma a shagona ne.

To ga lissafina. Na rasa rabin masu saye, na rasa mai hannu, na rasa aboki. Can kuma wani gari da ban taɓa gani ba yana shan ruwa, kifinsa yana kai kasuwa, da injinan da ni na ce sun mutu. Ban ga faɗuwa a wannan cinikin ba. Teburin na ba wani a makon nan. Fanka kuwa, sukundireba yana aljihuna, juyi ɗaya ya isa, amma ban hau ba.

Allah, bawanka Mahmud ya gaji. Ka hutar da shi, Ka sanyaya makwancinsa kamar yadda ya sanyaya namu, Ka gyara masa abin da ya bari. Amin.