Gwaggo Anya a Taron Ƙungiyar Teloli

Sunan ya bi ta ne don ba ta fara magana sai da "anya". Tela ce, da keken ɗinki ta raini 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta. Tun ranar da ƙannensa suka karɓe shagon da ya bari a wani zaman dangi, ita kuwa tana gyaɗa kai ba ta gane inda aka dosa ba, ta daina yarda da taro.

Duk da haka ita reshensu ya zaɓa cikin wakilan babban taron ƙungiyar teloli na ƙasa. Aka tara su a wani aji mai gajerun bencina, hedkwata ta turo lauya ya koya musu ƙa'idar zama: ka ɗaga hannu, ka jira izini, ƙuduri sai an mara masa baya.

Gwaggo ta lura abu ɗaya lauyan yake ta nanatawa, wato yadda ake neman rufe muhawara. Kuma kullum shugaban reshensu, ɗan yayarta, yake tayarwa ya gwada.

"Anya, Lauya," ta ce, "rufe baki aka aiko ka ka koya mana?"

"Haba Gwaggo," in ji ɗan yayar, "kar ki ba mu kunya."

"Ruwa ba ya tsami banza, ɗana. To Lauya, in an rufe ban gama ba fa?"

Lauya ya ce, "Sai ki miƙe ki ce a ƙirga hannuwa. In ba su kai biyu bisa uku ba, magana na nan."

A zauren taro aka kawo ƙudurin ƙara wa shugabanni wa'adi. Mutum biyu kacal suka tofa albarkacin bakinsu, sai ga ɗan yayarta tsaye yana neman a rufe. Gwaggo ta miƙe ta fuskanci shugaban taro.

"Ranka ya daɗe, a ƙirga!"

Aka ƙirga, ba su kai ba. Aka yi ta kai-komo har wakilai suka gaji, daga ƙarshe ƙudurin ya sha ƙasa da ƙyar.

A bakin ƙofa lauyan ya rusuna ya gaishe ta yana murmushi. Ta amsa ciki-ciki, don har yau ba ta san ko nasu ne ko na shugabanni ba. Ɗan yayarta kuwa ya yi wata guda bai taka gidanta ba, sai da matarsa ta kawo ɗinki ya biyo ta a baya yana sosa ƙeya.