Kujerar da Kawu Bunu Ya Ƙera

Kawu Bunu, yayan mahaifiyata, ya yi shekara ashirin da biyu yana tuƙa motar kaya tsakanin Haɗeja da Kano: shinkafa da busasshen kifi a tafiya, siminti a dawowa. Da bayansa ya soma ciwo sai ya ajiye tuƙi, ya buɗe rumfar walda a hanyar Auyo. Amalanke yake gyarawa yanzu, da ƙafafun injin ban ruwa na manoman fadama. Ba ya ƙorafi. Yakan ce ƙarfe ya fi ɗan kamasho sauƙin sha'ani, in ka gasa shi zai lanƙwasu.

A shekarata ta ƙarshe a jami'a muka shiga gasar ɗalibai ta tseren motoci masu tuƙa kansu. Motar ba ta wuce girman baro ba. Kyamara ke ganin hanya, kwamfuta ke juya sitiyari. Sharaɗi ɗaya ne mai tsauri: duk motar da ta haura kilo ashirin da biyar a sikeli ba za ta shiga fili ba. Ni aka ɗora wa neman wanda zai haɗa gangar jikin, don haka na kawo wa Kawu zanen.

Ya juya takardar sama da ƙasa.

"Injiniya, ina direba zai zauna?"

"Babu direba, Kawu."

"To wa zai ce bismilla?"

Na yi dariya, na ɗauka wasa ne. Bayan kwana biyar na dawo na tarar da aiki tsaf, ko'ina ya zauna daidai da zane. Sai dai a tsakiya ga wata 'yar kujera ta ƙarfe, har da majingina, ya lulluɓe ta da guntun ledar kujerar tsohuwar motarsa.

"Ba a barin mota babu mazauni," in ji shi. "Ko ba kowa, a san akwai mai ita."

Muka ɗora ta a sikelin masu shinkafa da ke maƙwabtaka. Da na haɗa lissafin batir da akwatinsa da sauran kaya, mun haura da kilo ɗaya da rabi. Saura kwana uku gasa.

Rilwanu, shugaban ƙungiyarmu, ya ce a waya, "Ki ce ya yanke kujerar mana, minti biyu ne."

Minti biyu a wurinsa. Ni da ko ruwa zan miƙa wa Kawu sai na durƙusa, da wane baki zan ce ya yanke abin da ya yi da hannunsa? Na zauna a benci ina kallon kujerar, shi kuma yana fama da wata garma yana 'yar waƙarsa. Can na lura faɗinta ya yi kusan faɗin batirinmu. Na ɗauko batirin, na cire shi daga akwatin ƙarfen da muka saya masa, na ɗora a kai. Ya zauna ɗaram, majinginar ta tare shi ta baya. Akwatin kuwa kilo biyu ne.

Kawu ya ɗaga gilashin waldarsa ya leƙo.

"Au, ashe kina da direba kika ɓoye mini? Ɗaura masa bel, kada ya faɗo a kwana."

Shi ya yanko robar tayar babur ya ɗaure shi.

Ranar gasa sikeli ya nuna ashirin da huɗu da rabi. Motoci tara suka shiga, mu muka zo na huɗu. Biyu daga cikin waɗanda suka fi mu gudu sun kife a kwanar ƙarshe, tamu ta sha kwanar a natse saboda nauyinta yana ƙasa, kuma a tsakiya.

Da na koma Haɗeja na nuna masa bidiyon a wayata. Sau uku ya ce a maimaita, duk sanda aka zo kwanar sai kafaɗarsa ta karkata dama.

"Yaron nan yana da hannu," ya ce. "Amma ki gaya masa ya riƙa sassautawa tun kafin ya shiga."

Ya sauke gilashinsa, ya koma kan garmar.