Malam Munkaila, Makaniken da Ya Ƙi Ɗaura Birkin Gwanjo

Kullum da hantsi, kafin ya taɓa motar kowa, Malam Munkaila Yahaya sai ya zagaye ta sau biyu, hannuwa a baya, kamar mai cinikin bijimi a kasuwa. Direba na ba shi labarin abin da ke damun motar, shi kuwa yana leƙen ƙarƙashinta. In an kawo masa sabon ƙarfe cikin kwali, sai ya shinshina shi, ya kankare da farce, ya ƙwanƙwasa a kan dutse. Direbobin tashar Matameye sun daɗe suna kiran sa "Ban Yarda Ba". A watan nan zai bar garajinsa, don idanu sun fara gazawa. Shi ya sa ya kamata a faɗi abin da ya yi mana tun yana ji da kunnensa.

Ba da zargi aka haife shi ba, koya masa aka yi. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana bin ayarin wani kamfanin ƙera motoci na Turai masu tsere cikin hamada. Motarsu ce ta taɓa mutuwa a hanyar Damagaram, ya tashe ta, suka tafi da shi. Da tattalin arzikin duniya ya karye, shugabannin suka tara su suka ce ba wanda za a kora, sashen tsere kawai za a sake wa tsari. Munkaila ya saurara, amma ya lura motocin tsere huɗu sun koma biyu, tayoyin da ake canzawa kullum an ce a lallaɓa da su, an kuma haɗe ofishinsu da na motocin sayarwa. Bayan wata uku aka rufe sashen, aka miƙa masa takardar godiya da tikitin gida.

Da ya dawo, gari ya ɗauki ƙus-ƙus, wai sata ya yi aka koro shi. Matarsa Maryam ta ce, "Malam, ka nuna musu takardar mana."

Ya ce, "Ko na nuna, cewa za su yi ni na rubuta."

Ya buɗe garaji kusa da tasha, ya ci gaba da aikinsa.

Ana nan sai wani ɗan kasuwa, Sadisu, ya iso da kwalaye ɗauke da tambarin wannan kamfani. Ya ce tunda sun rufe sashen tsere, gwanjon kayan suke yi, ga takalman birki na motocin tsere da arha. Alhaji Sa'adu, shugaban sandikan direbobi, wato ƙungiyarsu, ya yi murna, ya sa aka kai wa Munkaila ya ɗaura wa motocin layi.

Munkaila ya juya ɗaya a hannunsa, ya daɗe yana kallo. "Alhaji, ni na ɗaura wa motocin nan birki shekara da shekaru. Ba irin wannan suke sawa ba. Kuma yaushe birkin motar tsere ya yi daidai da motar tasha? Ba zan ɗaura ba."

"Malam Munkaila, ga tambari kana gani."

"Tambarin na kwali ne, Alhaji."

Alhaji Sa'adu ya ɓata rai. "Faɗi gaskiya dai, haushin waɗanda suka kore ka kake ji."

Maganar ta soke shi, har ya tsaya yana tambayar kansa ko haushin ne ke rufe masa ido. Aka kai aikin wani garaji, motoci bakwai suka samu sabon birki. Kwana goma ba motar da ta shiga wurinsa. Duk wadda ta fita tasha maƙil da mata da yara, sai ya bi ta da ido har ta ɓace, abinci ya gagare shi.

Ran sha ɗaya ya sami Alhaji ya ce, "A ba ni mota guda. A cika ta da buhunan rairayi daidai nauyin fasinja, ni zan tuƙa. In birkin ya riƙe, zan tsaya tsakiyar tasha in ce na yi ƙarya."

Aka fita hanyar Tsauni, direbobi suka tsaya ƙarƙashin wani gawo suna kallo. Munkaila ya ɗauki gudu ya taka birki, mota ta tsaya. Ya sake, ta tsaya. Aka fara dariya. A karo na takwas, da ƙarfen ya yi zafi, fatar birkin ta ɓare. Motar ta wuce su, ta faɗa gonar gero ta daki kututture. Aka fito da shi da karyayyen hannu, yana cewa, "Ku tsayar da sauran shidan tukuna, asibiti ya jira."

Kafin la'asar an cire duka. Sadisu ya rantse shi ma haka aka sayar masa. Munkaila bai ce ƙarya yake ba, bai kuma ce ya yarda ba.

Malam Munkaila, kai ne ka gwammace a zage ka da a yi jana'iza. Kai ne ka sa ƙashinka a inda maganarka ta kasa shiga. Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri, Ya ƙara wa idanunka haske. Ku kuma masu gyara da masu tuƙi, in hannunku bai gamsu da ƙarfe ba, ku ce a'a ko da shugaba ne ya kawo shi.

Washegarin ranar da aka yi gwajin nan, shekaru da yawa baya, wata mata mai suna A'ishatu ta hau ɗaya daga motocin nan zuwa Yauri da tagwayenta. Sai jiya aka ba ta wannan labari. Ta dubi yaran da yanzu suka fi ta tsawo, ta ce, "Ku tashi ku sa takalma, mu je mu gaishe shi."