Dayis ɗin da Baba Ya Sayo

A gidanmu na Tirwun, a shekarun da gonaki suka fi gidaje yawa, ba a kashe wutar murhu da zarar an sauke tuwo. Kaka Hanatu, mahaifiyar babana, ita ke hanawa. In damina ta yi nisa masara ta nuna, sai ta jawo 'yar kujerarta ƙarƙashin rumfar girki, ta baza garwashi da tsinke, ta jera masara a kai. Mu kuma, ni da ƙannena da 'ya'yan maƙwabta, mu kewaye ta muna jiran biyu, masara da tatsuniya. Daga Dass ta dawo wurinmu bayan rasuwar kakanmu, kuma Hausarta ta can ce. Takan ce wa mace "ya zo", mu yi ta gyara mata, ta ce mu ƙyale ta, ai mun gane. Kanta fari fat, ba ta damu da ɗankwali a cikin gida ba.

Tatsuniyoyinta da yawa sun tafi tare da ƙuruciyata. Guda ɗaya ce ta zauna, kuma har yau in na tuna abin da ya jawo ta, sai raina ya ɓaci.

Mamata, Liyatu, tana cikin matan nan da furfura ke yi wa sammako. Ba ta kai arba'in ba gaban kanta ya soma fari. Babana, Bitrus, akawu ne a wata ma'aikata a cikin gari. Wata rana ya tafi da ita bikin abokin aikinsa a GRA. A can wani mutum ya rusuna ya gaishe ta, sannan ya tambayi Baba ko yayarsa ce. Aka kwashe da dariya. Washegari da ya taso daga aiki sai ya biya kasuwar Wunti, ya dawo da ɗan kwalin dayis, baƙin rinin gashi, ya ajiye mata a kan tabarma.

"Ki shafa wannan," ya ce. "Kada a sake kunyata ni a cikin mutane."

Shi mai maganar kuwa, gefen kansa duk ya yi fari. A ofis "Dattijo" suke ce masa, yana jin daɗi.

Mama ta ɗauki kwalin ta jujjuya shi. Ba ta taɓa riƙe abin ba, kuma kunya ta hana ta tambayar maƙwabta yadda ake yi. Da ta gama aikin gida ta zaga bayan ɗaki ita kaɗai da ɗan madubi, ta kwaɓa ta shafa. Da magariba ta fito ɗauke da kwanon tuwon Baba. Gashin ya yi baƙi ƙirin, amma goshinta ma ya yi, da kunnuwanta, da yatsunta, ga wani layi ya gangaro har wuyanta. Baba ya ɗago ya dube ta, ya fashe da dariya har da tari.

"Na ce ki rina gashi, ban ce ki rina kunne ba!"

Mu yara da muka ga Baba na dariya, muka taya shi. Mama ta ajiye kwanon a hankali, ta shige ɗaki ta saki labule. Kaka na zaune tana kallon komai. Tuwonta ma ba ta ci na kirki ba.

Bayan an kwashe kwanuka ta jera masararta kamar kullum. Baba yana kan kujerarsa a ƙofar ɗaki, rediyo a cinya.

"Ku matso," in ji Kaka. "Yau mai nauyi na ɗauko muku."

"Sauke ta mu gani, Kaka," muka amsa, yadda muka saba.

Sai dai a daren ta ɗaga murya fiye da yadda take yi, har tana danne rediyon.

Ta ce a wani gari a gindin dutse an yi wani mai gari, saurayi, da ya gaji kujerar tun ubansa na da rai. Baƙi suka zo cin kasuwa, ya ji suna cewa garin nan na tsofaffi ne. Abin ya ci masa rai. Ya sa aka yi shela cewa ranar bikin kaka, da za a gayyato mutanen garuruwa, ba ya son ganin furfura a dandali. Duk macen da ke da ita ta rufe ta da baƙi.

"Maza fa, Kaka?" in ji ƙanena.

"Yawwa! Maza fa? Na maza aka ce ado ne. Ubansa ma gemunsa fari har ƙirji, ba wanda ya ce masa uffan."

Mata suka kankaro baƙin tukunya, suka kwaɓa da man kaɗanya, suka shafa wa juna. Wasu suna kuka, wasu suna cewa ai ba komai, kwana ɗaya ne. Mace ɗaya, Dije, ta ce ita ba za ta shafa ba. Aka ce to kada ta kuskura ta taka dandali. Ta ce ta ji, ta zauna a ƙofar gidanta tana ɓarar gyaɗa.

Ranar biki matan suka kwana suna girki, suka ɗauko tukwane a ka zuwa dandali. Ana cikin kiɗa sai hadari ya haɗo, irin ruwan ƙarshen daminar nan da ba a zato. Ruwa ya sauka, baƙin ya narke, ya bi goshi, ya bi ido, ya bi kumatu har zannuwan bikinsu. Baƙi suka fara dariya. Mazan garin suka karɓa. Mai gari ya fi kowa, har yana dukan cinya.

Mu ma muka tuntsire da dariya, muna hango fuskokin. Kaka ta buga tsinken hannunta a ƙasa, garwashi ya yi tartsatsi.

"Me ya ba ku dariya? Waye ya ce su shafa? Shi ya ce su shafa, shi kuma ya fara dariya. Wannan abin dariya ne?"

Ban taɓa ganin idonta haka ba.

Ta ci gaba. Ta ce Dije ta jiyo dariyar daga gida, ta taso cikin ruwan, ta ratsa dandalin da aka hana ta da kanta fari a buɗe. Ba ta ce wa kowa "ai na gaya muku" ba. Mayafinta ta kwance, ta fara goge fuskar mace ta farko da ta tarar, sannan ta biyu. Da matan suka ga haka, kowacce ta sunkuya ta ɗauki tukunyarta, suka bi bayanta har gidanta. Can suka wanke kawunansu, suka zauna suka cinye abincin bikin tare da 'ya'yansu. Baƙi suka koma garuruwansu da yunwa. Da yamma mai gari ya zo ƙofar Dije yana neman a yi sulhu. Ta miƙo masa sauran baƙin tukunya a sakaina, ta ce ya je ya fara shafa wa gemun ubansa, in ya gama ya dawo su yi magana.

"Na sauke kayana," in ji Kaka. "Wanda ya ga nasa a ciki ya ɗauka."

Sai a lokacin na lura rediyo ya daɗe da yin shiru. Baba ya gyara murya.

"Haba Mama, ai wasa nake yi mata," ya ce wa Kaka.

"Wanne ne wasan, Bitrus? Sayen ko dariyar?" Ko juyowa ba ta yi ba, tana juya masara. "Furfurar nan a gidanka ta fito. A kan murhunka, a kan 'ya'yanka. Wani can da bai san sunanta ba ya yi magana, maimakon ka ce masa matata ce, sai ka tafi kasuwa."

Baba ya tashi ya ɗaga labulen ya shiga. Ba mu ji abin da suka ce ba. Da safe Kaka ta zaunar da Mama a tsakar gida, tana goge mata goshi da kunne da man gyaɗa da lemon tsami. Fatar wurin ta yi ja, ta kumbura, ta daɗe tana ƙaiƙayi. Baba bai sake ɗaga maganar gashinta ba har ya bar duniya, amma ni ban taɓa jin ya ba ta haƙuri a gabanmu ba, mu da ya yi mata dariya a gabanmu. Wannan ma yana cikin abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Ina yarinya na ɗauka abin da tatsuniyar ke nufi shi ne furfura ita ce daidai, rini kuwa wauta. Shi ya sa na sha mamaki da Mama, shekaru bayan nan, ta koma rina gashinta, ta kuma ƙware, ba ko ɗigo a goshi. Da na yi aure na tambaye ta dalili.

"Na farkon don shi na yi, Rifkatu, shi ya sa ya ƙona ni," ta ce. "Wannan don kaina ne. Ina son ganin fuskata haka. Laifi ne?"

Ba laifi ba ne. A ranar na gane Kaka ba ta taɓa faɗin baƙar magana ko guda a kan matan da suka shafa ba. Fushinta duk a kan mai ba da umarni ne, da masu dariya.

Yanzu ni ce mai farin kai. Ina koyarwa a wata sakandare, muna zaune a Gwallameji, kuma ba abin da ban ji ba. Wata abokiyar aikina ta ja ni gefe ta tambaye ni ko muna da matsala a gida ne, na saki kaina haka. Ita ɗin ce dai na ji tana gulmar wata malama da ke rini, wai tsohuwa ta ƙi yarda da shekarunta. In kin bari an ce kin yi sakaci, in kin rufe an ce kina ƙarya. Mijina kuwa, Yohanna, da gemunsa ya yi fari, har tela cewa ya yi farar shadda za ta fito da kwarjininsa.

Bara ana shirin bikin 'yata Na'omi, sai ta same ni a kicin tana murza yatsu.

"Mama, gwaggon ango ta ce wai ko za ki ɗan taɓa gashinki. Saboda hotuna."

"Babanki fa? Me ta ce ya taɓa?"

Ta kawar da kai, na sake tambayarta.

"To ke me kike so?"

"Ni ban ma taɓa lura ba, Mama," ta ce. "Sai da ta faɗa, na fara ganinsa."

Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Yarinyar da ta girma tana wasa da gashin nan, a rana ɗaya an koya mata ta dube shi kamar datti. Na ajiye ludayi na zaunar da ita, na ba ta labarin Dije da na kakarta Liyatu, duka biyun. Na gaya mata ban yi rantsuwa da rini ba. Wata rana in na tashi da sha'awarsa zan saya da kaina, in zaɓi kalar da nake so, kuma wanda ya yi dariya zai ji daga bakina. Amma ba zan yi don wata ta aiko ba, kuma ba zan bari ita ta shiga gidan aure da tunanin cewa haka ake yi wa mace ba.

Ranar bikin na ɗaura gwaggwarona na tura shi baya kaɗan, farin gaban ya fito sosai. Na tsaya kusa da Na'omi a kowane hoto, tana riƙe da hannuna. A wurin liyafa gwaggon angon ta matso, ta ƙare wa kaina kallo, ta yi ɗan murmushi.

"Maman amarya, hidima ta yi yawa ko? Ba ki samu lokaci ba."

"Na samu," na ce mata. "Ban ga dama ba ne."